Kafin Mutum Ya Buɗe Baki Gaban Taro, Ya San Su Wa Ke Zaune



A watan jiya an yi bayanin yadda ake rubuta takardar taro: rana, da sunayen waɗanda suka zo, da abin da aka yanke. Wannan wata zance ya koma kan baki. Dalili shi ne, duk wanda ya iya karatu a gari, aiki na nemansa. Shi ake ba littafin ƙungiya. Shi ake aikawa Yamai, ko Dosso, ko Maraɗi in an kira horo. Ran da ya komo sai a shimfiɗa tabarmi ƙofar mai gari, a ce masa: "To, tashi ka faɗa muna abin da ka jiyo." Nan ne gumi ke karyo ma mutum. Ga takarda a hannu, ya iya karanta ta sarai. Ya karanta tun daga sama har ƙasa. Jama'a su ce madalla, su kaɗe riguna, su watse. Bayan sati guda a tambayi mutum goma abin da aka faɗa, a samu amsa goma.

In haka ta faru, kwanakin da ya yi wurin horo sun tafi a banza. Kuɗin mota sun tafi a banza. Wani lokaci damana guda ce ke tafiya, ko garke, ko ran yaro. Sau da yawa kuma takardar ba ta da laifi, jama'a ma ba su da laifi. Mai magana ne ya san abin da zai faɗa, amma bai san su wa zai faɗa ma ba.

Tabarmar Tallaje

Wanda ke son ya ga wannan da idonsa, ya je Tallaje. Unguwa ce a gabashin Yamai, cikin da'ira ta huɗu, kan hanyar da ta nufi filin jirgin sama na Diori Hamani ta wuce Dosso. Wajen kogi kuma ga Saga da gonakinta na shinkafa. Tallaje ba tsohuwar unguwa ba ce. Ta tashi bayan samun mulkin kai, a shekarun 1960, lokacin da mutane suka riƙa gina ɗaki inda suka samu fili. Farin 1973 da na 1984 sun koro mutanen karkara da yawa zuwa Yamai, unguwanni irin wannan suka cika.

Saboda haka in aka kira taro a Tallaje, tabarma guda takan ɗauki ƙasa guda. Ga Bazabarme wanda kakanninsa suka nomi wurin tun babu gida ko ɗaya. Ga Ba'are daga Dogon Dutsi, ga Ba'adare daga Tawa, ga Bagobiri daga Tsibiri. Ga Bafillatana mai tallar nono. Ga Buzu mai gadi. Ga tsohon soja da ya yi ritaya, ga ɗan lakkwal da waya a hannu, ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙa alƙalami ba. Da yawansu ƴan cin rani ne, ruwa na sauka su koma gona. Kowa da kunnen da ya zo da shi.

Kada mutumin ƙauye ya ce wannan matsalar birni ce. A ƙauyensa ma akwai rugar Fulani bayan gari, akwai matan da aka auro daga nesa, akwai samarin da suka komo daga Legas ko Abijan. Tallaje ta tara abin wuri guda ne kawai, har ya fito fili.

Abu na farko shi ne harshe. Dokar shekarar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda 10. Kundin da aka sa ma hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki. Wannan a rubuce yake. Amma tsohuwar Saga da ta tashi da Zabarmanci, Hausarta ta ciniki ce. Tana iya sayen gishiri da ita. In aka zo bayanin magani ko bashi, rabi zai wuce ta. To, mai magana tun jajibiri ya je wurin mai unguwa ya tambaya: "Ranka ya daɗe, su wa za su zo gobe? Wane harshe ya fi yawa? Mata nawa, maza nawa?" Da ɗan gari akan ci gari.

In ana bukatar tafinta, a nemi wanda jama'a suka yarda da shi, kuma a zauna da shi kafin taro ya ji zancen tukuna. Ranar taro a riƙa ba shi magana gutsure gutsure. Kowa ya taɓa ganin baƙon da ya yi ta zuba har minti goma, sa'annan tafinta ya juyo ya ce: "Ya ce ku yi haƙuri." Tafintan bai yi ƙeta ba. Kaya aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa, ya zubar da sauran a hanya.

Ko mutum bai iya harshen ba, gaisuwa ba ta gagara. Bahaushe ya ce ma Zabarmawa "Fofo", ya ce "Aran kani baani?" su amsa "Baani samay." Ya ce ma Fulani "Jam waali?" su amsa "Jam tan." Za su yi dariyar yadda ya karya harshen. Dariyar nan alheri ce, ƙofa ce ta buɗe.

Hausar ma ba guda ba ce. Abin da mutumin Tawa ke kira gujiya, shi mutumin Kano ke kira gyaɗa, kuma a Kano gujiya wata aba ce daban. In an ce hatsi a nan, gero ake nufi. A Kano hatsi ya haɗa gero da dawa duka. Sai kuma ciwon ƴan lakkwal: kowace magana sai an tsoma "donk" da "wala" da "sansibilizasiyo". Mai yin haka yana jin ya burge. Tsofaffi kuwa suna ƙirga kalmomin da suka wuce su, in sun kai biyar su saki zancen su koma jan tasbaha.

Ɗari biyar na lakkwal, ɗari biyar na kasuwa

Harshe na iya zama guda, amma awo ya bambanta. Nan ne aka fi yin ɓarna, domin kowa na tsammanin ya gane.

Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon CARE, yau sun bazu ƙasa duka. Ga abin da kan faru in za a kafa sabuwa. A kirawo saurayi mai ilimi ya yi bayani. Ya tashi ya ce: "Kowace mace za ta zuba ɗari biyar." Shi tamma 500 yake nufi, kamar yadda aka rubuta a jikin kuɗin. Su kuwa mata da dala suke lissafi, dala guda tamma 5. Abin da ya shiga kunnensu dala 500 ne, wato jikka biyu da rabi. Mai tuyar ƙosai ta auna ribarta, ta ga ba za ta iya ba. Ba za ta yi gardama ba. Za ta ce: "To, Allah ya kai mu." Sati mai zuwa rabin mata ba su zo ba, saurayi ya koma yana cewa matan unguwar nan ba su son ci gaba.

In an yi sa'a, akwai tsohuwa mai ƙarfin hali da za ta ɗaga murya ta ce: "Ɗana, ɗari biyar ɗin nan, na lakkwal ne ko na kasuwa?" Ita ce ta ceci taron. Amma ba kullum ake samun irinta ba. Abin da ya kamata ya ce tun farko shi ne "dala ɗari". Ya juya wajen Zabarmawa ya ce "zangu". Sa'annan ya fiddo kuɗin daga aljihu ya ɗaga sama kowa ya gani.

Haka kilo da tiya. Ma'aikaci da kilo ya saba, manomi da tiya da dame. Tiyar hatsi wajen kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma wajen tiya 40. Wanda zai yi maganar bankin cimaka ko bashin iri, ya yi wannan lissafi a gida, ya zo da shi a shirye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu binciken noma ma sun sha wannan darasi. A Sadore, wajen kilomita 40 kudu da Yamai, akwai cibiyar ICRISAT. A shekarun 1990 masananta da abokan aikinsu sun gwada wata dubara ta takin zamani. Maimakon a watsa buhu bisa buhu a gona, wanda talaka ba ya iyawa, sai a sa ɗan kaɗan cikin kowane ramin shibka. A takarda ga yadda abin yake: garam 6 na takin 15-15-15 a rami guda, ko garam 2 na takin DAP. In an bar mita guda tsakanin rami da rami, hekta guda tana ɗaukar rami 10,000. Ke nan kilo 60 na 15-15-15, ko kilo 20 na DAP.

Lissafi ya fita daidai. Amma wane manomi ke da ma'aunin garam a gona? In malamin gona ya tsaya gindin bedi yana cewa garam 6, garam 2, hekta, mita, an yi asarar yini. Da aka zo kai dubarar ga manoma, sai aka nemo awon da ke hannun kowa. Garam 6 ya zama cikin marfin kwalbar lemu. Garam 2 ya zama abin da yatsu uku suka tsinto. Mita ta zama babban taki guda na ƙafa. Kilo 60 ya zama buhu guda da ɗan ƙari, tun da buhun taki kilo 50 ne. Ba a rage ko garam guda daga binciken ba. Riga kawai aka sauya masa, ya shiga gari. Da marfin kwalba dubarar ta kai Mali da Burkina Faso.

Mai kai wannan labari ƙauyensu kada ya tafi da takarda kaɗai. Ya sa marfin kwalba a aljihu, da ɗan taki a ƙulle, da sungumi. Ya sari rami gaban jama'a, ya zuba, ya nuna cewa ana yi ne bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, kuma ba a barin takin ya kwanta kan iri, kada ya ƙone shi. Gani ya kori ji.

Yadda magabata suka yi

Wannan ilimi ba daga Turai ya zo ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasar Nijar ta yau. Ya fara wa'azi a Degel yana da shekara wajen 20, ya zaga Kabi da Zamfara. Larabci ne harshen littattafansa. Da ya so, da ya tsaya kan Larabci, malamai su yaba, talakawa su yi shiru. Amma a gaban taro da harshen waɗanda ke zaune yake bayani, Fulatanci ga Fulani, Hausa ga Hausawa.

Ɗansa Muhammadu Bello, cikin littafin Infakul Maisuri, ya bayyana yadda Shehu ke fita wurin taro. Kafin ya isa yakan ɗan tsaya shi kaɗai, ya gyara niyyarsa, ya roƙi Allah ya sa mutanen su fahimci abin da zai faɗa. A lura da wannan roƙo da kyau: fahimtar masu ji ce damuwarsa. In ya isa yakan yi sallama da muryar da kowa zai ji, ya gaishe su da sakin fuska, sa'annan ya nemi a yi shiru. Bello bai ɓoye ba, cikin taron akwai masu surutu, akwai masu katse shi da tambaya yana tsakiyar magana. Shehu ba ya fushi, ba ya gajiya da su. Yau kuwa akwai sakataren ƙungiya da in aka yi masa tambaya guda sai ya naɗe takarda ya ce an raina shi.

Mata ma suna zuwa wa'azin Shehu, a zaunar da su gefe guda. Wani malami daga Barno ya soki abin. Ƙanen Shehu, Abdullahi, ya mayar masa da amsa cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni.

Ɗiyar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ƙara gaba. Ta duba matan karkara, ta ga ba su karatu, kuma matar aure mai goyo ba ta iya barin gida ta yi tafiyar kwanaki. Sai ta tsara karatun cikin waƙoƙi, da Fulatanci da Hausa, domin waƙa tana zama a ka, ana iya rera ta ana daka. Ta zaɓi dattijan mata daga garuruwa, ana kiran kowace jaji, ta naɗa musu malfa. Su ke zuwa wurinta tare da ƴan mata, su ɗauki karatu, su koma su koya ma matan gida. Su ne Ƴan Taru. Ta san matar ƙauye ta fi sakin jiki da tsohuwar garinsu bisa ga baƙuwa daga fada. Wani lokaci sanin masu ji yakan kai mutum ga gane cewa ba bakinsa ya kamata maganar ta fito ba. Namijin da aka aiko da zancen haihuwa ko tazarar ɗiya, gara ya zauna da ungozoma da shugabar mata ya koya musu, su su shiga gidaje.

Sai lokaci. Wannan a fili yake, amma kullum ana tuntuɓe a kansa. Taron mata da hantsi, lokacin ɗibar ruwa da ɗora tukunya, taron tabarma ne ba mutane. Taron manoma da safe cikin damana, haka. Ranar kasuwa, haka. A Tallaje maza da yawa sun fita neman na cefane tun asuba, ba a ganinsu sai bayan la'asar, kuma in an kira magariba taro ya ƙare ko an gama ko ba a gama ba. Saboda haka babbar magana ita ake sawa gaba, kada a ajiye ta ƙarshe kamar naman miya. In jirgi ya tashi daga filin jirgi ya cika kunne da ƙara, mai hankali yakan yi shiru har ya wuce, sa'annan ya maimaita abin da ya faɗa na ƙarshe. Ya kuma duba inda aka zaunar da mata. In suna can baya wajen darni, ya matsa tsakiya, ko ya sa mai babbar murya ya riƙa miƙa musu.

Abin da ke bayan shiru

Mafi wuya shi ne sanin abin da mutane ke tsoro. Ba su faɗinsa. Sai mai magana ya nemo shi da kansa.

A 1962 aka fara babban zagayen allurar bushiya a Nijar, da Najeriya, da Cadi, da Kamaru. Bushiya ciwo ne da ke share garke cikin kwanaki, tsofaffin makiyaya sun san ta. Duk da haka akwai waɗanda suka riƙa kora shanu daji in sun ji masu allura na tafe. Ba son ciwo suke ba. Sun saba cewa duk ma'aikacin da ya zo yana ƙirga shanu, jangali na biye da shi. Ga shi kuma ana huda kunnen wadda aka yi ma allura. Wanda ya zo yana ta bayanin ƙwayar cuta bai taɓa inda ke musu ƙaiƙayi ba. Da aka bi ta hannun ardo da sarakuna, aka yi shekaru ana yi, shanu suka riƙa fitowa. A 2011 aka shaida cewa bushiya ta ƙare a duniya duka.

Yau ma kowace shekara ana zagayen allurar bisashe, saboda ciwon huhu na shanu da annobar awaki da tumaki. Ɗan makiyayin da ya yi yaƙi da jahilci, shi za a ce ya yi ma rugarsu bayani. Ya san abin da baƙo bai sani ba. Ba a tambayar Bafillace yawan shanunsa gaban mutane. Ba a fara magana kafin ardo. Ba a tsayawa bisa kan dattijai a tsaye kamar soja, ana durƙusawa ne. Akan fara da ruwa, da ciyawa, da lafiyar bisashe, sa'annan a gangaro. Kuma tun ba a tambaya ba ya ce: "Baffa, wannan ƙirga ta yawan allura ce, don a san kwalba nawa za a kawo." Ya faɗa musu cewa wurin allurar huhu kan kumbura ga wasu shanu, kuma in kumburin ya yi yawa a kira likitan dabbobi. In ya ɓoye, ran da saniya guda ta kumbura, baɗi ba mai kawo ko maraƙi.

A ƙasar nan "to" ba yarda ba ce. Ladabi ne. Labarin zuciya a tambayi fuska. In dattijai sun sunkuyar da kai suna zane a ƙasa da tsinke, in mata sun fara gyara goyo, in samari na baya sun soma zamewa ɗaya ɗaya, magana ta kauce hanya. Mai magana ya tsaya. Ya kawo misali daga gonar wani da kowa ya sani. Ko ya jefa tambaya: "Inna, ke da kika ga farin 1984, yaya kuka yi da iri a shekarar da ta biyo?" Daga nan taro ya farka, don an taɓa abin da suka sani fiye da shi.

Wasan taubasai ma makami ne. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014 da sunan Nijar. Bagobiri a gaban Zabarmawa yana iya tsokanarsu, a yi dariya, sa'annan ya faɗa musu gaskiya mai ɗaci su haɗiye. Haka Bafillace da Ba'are, haka Bafillace da Babarbare. Amma a wuri irin Tallaje sai an san wa ke zaune. Wasan da taubashi zai yi ma dariya, wani zagi zai ji.

A nan akwai rami, dole a nuna shi. Wasu sun ɗauka sanin jama'a shi ne a faɗa musu abin da suke son ji. Wannan aikin maroƙi ne da mai neman ƙuri'a. Awo ake sauyawa, da harshe, da misali, da lokaci. Gaskiyar maganar ba a taɓa ta. A duba maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake ba yara cikin damana, wanda aka fara a Nijar a 2013. Na yara ne daga wata 3 har zuwa ƙasa da shekara 5. Ana ba da shi wata wata, kuma kowane zagaye kwana uku ne a jere: rana ta farko gaban ma'aikaci, sauran biyun uwa ce ke bayarwa a gida. Mai bayani na iya barin sunan maganin na Turanci, ba wanda zai yi kewarsa. Yana iya cewa "yau, gobe, jibi" yana lanƙwasa yatsu. Amma ba shi da ikon ya ce kwana guda ya isa don kada uwaye su ga wahala. Ba shi da ikon ya ɓoye cewa wani yaro kan yi amai, kuma in aka ga ƙuraje ko wani abu da ba a saba gani ba a kai shi likita. Ya kuma faɗa cewa maganin bai hana kwana cikin gidan sauro ba.

Tun 1962 aka kafa ƙungiyar rediyo kulob a Nijar. A shekarun farko, da dare akan taru gindin akwatin rediyo guda, sau da yawa mushen lakkwal ne ke jagora. A saurari shiri a kan noma, ko lafiya, ko auren wuri. In an gama a kashe rediyo, jama'a su yi ta muhawara. Jagora na riƙe da na'urar ɗaukar magana, ya ɗauki muryoyinsu, a aika Yamai. Bayan kwanaki manomi ya ji muryarsa na fitowa daga akwati, mutanen wani gari na amsa masa. Ta haka masu shirin suka riƙa sanin abin da ya shiga da abin da bai shiga ba, su gyara na gaba.

Mai magana a ƙofar mai gari ba shi da na'ura, amma yana iya yin irin wannan kafin a shafa fatiha. Kada ya ce "Kun gane?" domin amsar kullum "mun gane" ce. Ya miƙa ma wani dattijo marfin kwalba da sungumi ya ce: "Baba, a nuna ma yaran nan yadda za a yi, sun fi jin taka." Ya ce ma wata mata: "Yaya, faɗa ma maƙwabciyarki da Zabarmanci, kwana nawa ake ba yaro maganin." Sa'annan ya koma gefe ya kasa kunne. In dattijo ya cika marfin sau biyu, ko matar ta ce kwana biyu, ga wurin gyara nan ya fito tun mutane ba su tashi ba. Ya gyara da murmushi, ba tare da ya kunyata kowa ba, ya sa wani ya sake gwadawa.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, wannan fili zai kawo lissafin tiya, da kilo, da buhu, domin masu riƙe da littafin bankin cimaka. Wanda ke da tambaya ya rubuto da hannunsa, ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu ya aiko.